Kujerun gora da na rotan

1. Kayan ɗaki suna cin daji

Kowane gida yana da kayan ɗaki. Akwai gado, akwai kujera, akwai tebur, akwai akwatin tufafi. A aji ma akwai benci da allo. Yawancin kayan nan da katako ake yin su. Katako kuwa daga icce yake fitowa. Kafin kafinta ya samu katako, sai an sare icce, an tsaga shi, an shanya shi ya bushe.

Icce ba ya girma da wuri. Maɗaci yakan yi shekara 30 ko fiye kafin ya isa tsagawa. Wanda ya dasa shi yana yaro, sai ya zama magidanci kafin ya ci amfanin katakonsa. Amma zarto mai inji yana kayar da shi cikin ƴan mintoci.

Dazuzzukan duniya suna raguwa. Hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda ake kira FAO, ta yi lissafinsu a shekara ta 2020. Ta samu daga 1990 zuwa 2020 an share daji hekta miliyan 420. Faɗin ƙasar Nijar duka bai wuce hekta miliyan 127 ba. Ke nan dajin da aka share ya fi girman Nijar sau uku. Noma da kiwo su suka fi cin daji, amma neman katako shi ma yana da nasa rabo.

Ga misali. Madobiya itaciya ce ta Afirka ta Yamma mai jan katako mai nauyi. Da rani makiyaya suna ba dabbobinsu ganyenta. Masu kuɗi a ƙasar Sin suna son gadaje da kujeru na jan katako. Daga wajen 2010 aka shiga saran madobiya ba ji ba gani a Senegal da Gambiya da Gana da Benin da Najeriya, ana loda ta cikin jiragen ruwa. A 2017 aka sa ta cikin jerin itatuwan da ba a fitar da su daga wata ƙasa zuwa wata sai da takardar izini. A 2022 aka dakatar da cinikinta daga ƙasashe da dama. Kujerun da aka saya can nesa sun ci dajin mutanen da ba su taɓa zama a kansu ba.

Saboda irin wannan, masu saye da yawa a Turai da Amurka da Asiya suka fara tambaya: ashe ba a iya yin kayan ɗaki sai an kayar da babban icce? Abubuwa biyu suka fi jan hankalinsu: gora da rotan.

2. Gora

Gorar da ake nufi a nan ba goran ruwa ba ne. Ita ce doguwar sandar nan mai gaɓa-gaɓa, wadda da faransanci ake ce wa bambu. Ko da yake tana da tsawo kamar icce, gora ciyawa ce. Danginta su ne gero da dawa da masara da rake da shinkafa. Wanda ya dubi karan dawa, ya dubi gora, zai ga kamar: duka suna da gaɓa, duka suna da dogon ganye siriri. Bambancin shi ne jikin gora yana da tauri kamar icce, kuma yawancin gora tana da rami a ciki tsakanin gaɓa da gaɓa.

Akwai gora fiye da iri 1,500 a duniya. Wata gajera ce, ba ta wuce gwiwa. Wata kuwa takan kai metir 30, kaurinta kamar na turmi ƙarami. Sin da Indiya su suka fi kowa gora. A Afirka, Habasha tana cikin ƙasashen da suka fi yawanta. Akwai iri guda mai jure rani da ke fitowa a dazuzzukan Afirka tun daga Senegal har Habasha. Ita ce Hausawa suka sani da sunan gora, suna yin sanda da ita.

Gora tana da hali uku da icce ba shi da su.

Na farko, saurin girma. An auna wata gora ta ƙaru da santimetir 91 cikin kwana ɗaya, wato kusan santimetir 4 kowace awa. Sabon toho yakan kai iyakar tsawonsa cikin wata 2 zuwa 4. Daga nan ba ya ƙara tsawo, sai dai ya riƙa yin tauri.

Na biyu, saurin nuna. Bayan shekara 3 zuwa 5 sandar gora ta ƙosa, ta isa sara.

Na uku, in an sare ta ba ta mutuwa. A ƙarƙashin ƙasa tana da wata saiwa mai kauri, kamar ta citta. Daga saiwar nan sababbin toho suke fitowa kowace damina. Manomi yana saran sandunan da suka ƙosa, ya bar ƙanana, baɗi ya dawo ya sake sara. Ba sai ya sake shuka ba. Saiwar kuma tana riƙe ƙasa, ta hana ruwa zaizaye ta.

3. Rotan

Rotan ba dangin gora ba ne. Shi dangin dabino ne da giginya da goriba da kwakwa. Amma ba ya tsayawa da kansa kamar su. Siriri ne, mai tsawo kamar igiya. Yana da ƙaya masu lanƙwasa kamar ƙugiya. Da su yake kama rassan manyan itatuwa, ya riƙa hawa har ya kai inda rana take. Kaurinsa daga na yatsa ne zuwa na ƙotar gatari, amma tsawonsa yakan wuce metir 100.

Rotan ba shi da rami a ciki. Cike yake da zare-zare. Shi ya sa in an gasa shi yake tanƙwaruwa ba tare da ya karye ba. Gora kuwa ta fi son ta tsaya a miƙe. Wannan ce hanya mai sauƙi ta rarrabe su: a duba bakin sandar inda aka yanke. In da rami, gora ce. In babu, kuma sandar ta lanƙwasa kamar baka, rotan ne.

Akwai rotan wajen iri 600. Yawancinsu a kurmin kudu maso gabashin Asiya suke. Sunan ma daga can ya fito, daga harshen mutanen Malesiya da Indonesiya. Faransawa suka ara, sauran mutane suka ara. Indonesiya ita ce ta fi kowace ƙasa rotan: kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na ɗanyen rotan na duniya daga tsibiranta yake fitowa, musamman Kalimantan da Sulawesi da Sumatra. A Afirka akwai wajen iri 20, a kurmin ƙasashen bakin teku da na tsakiya, kamar Gana da kudancin Najeriya da Kamaru da Gabon da Kongo.

Abin lura a nan shi ne: rotan ba ya rayuwa sai da itatuwan da zai hau. In an share kurmi, rotan ya tafi. Don haka mutumin da ke cin abinci da rotan ba ya son a share kurmi.

4. Daga daji zuwa ɗaki

Aikin rotan yana da wuya. Masu sara suna shiga kurmi, su yanke shi daga gindi, su jawo shi daga kan itatuwa da ƙarfin tsiya, ƙaya tana sukarsu. Sai su ɓare ɓawon mai ƙaya, su yanka shi guntu-guntu na ƴan metoci, su ɗaure dami-dami, su ɗauko a ka ko cikin kwalekwale. A gari ana wanke shi, a shanya. Masu kauri akan dafa su cikin mai don ruwan jikinsu ya fita. Akan kuma turara su da farar wuta don su yi haske, ƙwari su guje su.

Mai yin kujera yana gasa sanda mai kauri da tururi ko da wuta. In ta yi laushi, sai ya tanƙwara ta yadda yake so, ya ɗaure. In ta huce, haka za ta zauna. Da ita ake yin ƙafafu da hannuwa da bayan kujera. Fatar rotan kuwa ana feƙe ta siriri-siriri, a saƙa mazauni da ita, a naɗe mahaɗai. Tsakiyarsa ma ana saƙa kwanduna da ita. Kusan babu abin yarwa.

Gora ana aikinta iri biyu. Hanya ta farko ita ce ta da: a yanka sanduna, a huda su, a sa wata cikin wata, a ɗaure. Hanya ta biyu ta masana'anta ce. Inji yana tsaga gora tsinke-tsinke masu faɗi, ya goge su, a dafa, a busar, a shafa musu gam, a danne da ƙarfi. Sai su zama fallen katako mai santsi. Da shi ake yin tebur da gado da ƙofa da daɓen ɗaki. Wanda bai sani ba sai ya ce katakon icce ne.

5. Tsohon abu ne

Mutanen Asiya sun daɗe suna zama kan gora da rotan, tun shekaru aru-aru. Turawa ƴan kasuwa su suka kai su ƙasashensu. A da, jiragen ruwa masu dawowa daga Asiya sukan yi amfani da rotan wajen tokare kaya, don kada su yi ta gungura cikin jirgi. In an sauke kaya sai a watsar da shi a bakin teku.

A birnin Boston na Amurka akwai wani mai kanti, sunansa Cyrus Wakefield. Ya ga rotan nan da ake yarwa, ya gwada tanƙwara shi, ya ga bai karye ba. Sai ya shiga saye yana sayar wa masu saƙa kujeru. A 1855 ya kafa masana'anta a wani ƙaramin gari kusa da Boston. Aiki ya bunƙasa, mutane da yawa suka samu abin yi. A 1868 garin ya ɗauki sunan Wakefield, kuma da shi ake kiransa har yau.

A Turai ma, a 1859, wani kafinta mai suna Michael Thonet ya fito da wata kujera a birnin Biyana. Jikinta na icce ne, mazauninta saƙar rotan. An sayar da ita miliyoyi. Tun daga lokacin, yayin kayan rotan yana zuwa, ya wuce, ya sake dawowa.

6. Me ya sa masu saye suke son su?

Dalili na farko shi ne kishin daji. Mutane sun ji labarin dazuzzukan da ake sharewa da canjin yanayi. Da yawa ba su son kuɗinsu su shiga cikin wannan ɓarna. Sun san gora tana komowa cikin shekara 5, icce kuwa sai shekara 30 ko fiye.

Na biyu, rashin nauyi. Yaro yana iya ɗaukar kujerar rotan da hannu ɗaya. Mutanen birni masu zaman haya, waɗanda ke yawan sauya gida, suna son kaya marasa nauyi.

Na uku, sanyi. Saƙa tana da ƙananan kafofi, iska tana ratsawa. A ƙasa mai zafi, wanda ya zauna kan kujerar saƙa ba ya yin gumi kamar wanda ya zauna kan katifa ko roba.

Na huɗu, ƙarfi. Gora tana da zare masu tsawo a jikinta. A birnin Hong Kong an daɗe ana ɗaura ta jikin dogayen benaye, magina suna hawa kanta suna aiki.

Na biyar, kyau. Inji ba ya iya saƙa kujerar rotan daga farko har ƙarshe, sai da hannun mutum. Masu saye da yawa sun gaji da kayan roba masu kama ɗaya. Suna son abin da hannu ya yi.

Na shida, in kayan sun tsufa suna ruɓewa su koma ƙasa. Roba kuwa takan yi shekaru masu yawa a kan juji.

7. Kasuwar duniya

A 2019 kayan gora da aka fitar daga wata ƙasa zuwa wata sun kai wajen dalar Amurka miliyar 3. Sin ce ta fi kowa sayarwa. Ƙasashen Turai da Amurka su suka fi saye. A Sin akwai wani yanki mai suna Anji, tsaunukansa duk gora ne, mutanensa da yawa da ita suke ci. A Indonesiya kuwa birnin Cirebon, a tsibirin Jaba, shi ya yi suna wajen kujerun rotan. Manyan kantunan kayan ɗaki, irin su IKEA na ƙasar Suwidin, suna sayar da kayan gora da na rotan a ƙasashe da yawa.

A 1997 ƙasashe suka kafa ƙungiyar gora da rotan ta duniya, wadda ake kira INBAR. Mazauninta yana Bejin, babban birnin Sin. Tana da ofisoshi a Afirka: a Gana da Kamaru da Habasha. Tana koya wa mutane dasa gora da sarrafa ta. Tun 2009 kuma ana bikin ranar gora ta duniya kowace 18 ga Satumba.

A Afirka sana'ar tana hannun ƙananan masu aikin hannu. A Akara da Legas da Abijan da Duwala da Yawunde ana ganinsu a bakin hanya, ƙarƙashin itatuwa, suna saƙa kujeru da gadajen jarirai da kwanduna. A Gana har kekuna ake yi da gora.

8. Kome yana da nasa aibu

Sunan gora ko na rotan kaɗai bai isa ya tsare daji ba. Ga matsalolin da aka gani.

Rotan yana ƙarewa. Yawancinsa daga daji ake saro shi, ba shuka shi aka yi ba. In masu saye sun yi yawa, masu sara sukan yanke har da ƙanana waɗanda ba su ƙosa ba. A wurare da dama na Asiya da Afirka, sai an yi tafiya mai nisa cikin kurmi kafin a same shi. Wani lokaci ma akan kayar da icce don a sauko da rotan da ke kansa.

Mai sara shi ya fi wahala, shi ne kuma ya fi samun kaɗan. A Kalimantan manoma sun daɗe suna shuka rotan cikin saurukansu, su jira shekara 7 zuwa 10 kafin su fara sara. A farkon 2012 Indonesiya ta hana fitar da ɗanyen rotan, don masana'antun gida su samu. Sai farashinsa ya faɗi a ƙauyuka. Manoma da yawa suka bar shi. Waɗansu suka share gonakinsu na rotan, da itatuwan da ke ciki, suka dasa kwakwar manja. In mai rotan bai samu abin kai wa bakinsa ba, kurmi ya rasa mai tsaronsa.

Gora ma tana iya cin daji. A waɗansu wurare an share daji mai itatuwa iri-iri don a dasa gora zalla. Tsuntsaye da namun dajin wurin suka rasa mazauni. Akwai kuma irin gorar da saiwarta ke gudu ƙarƙashin ƙasa, ta mamaye gonar maƙwabci.

Ƙwari suna son gora. Tana da zaƙi a jikinta wanda ke jawo gara da ƙananan ƙwari masu huda icce. In ba a yi mata magani ba, kuma aka bar ta a waje, ba ta wuce shekara 2 ko 3. Maganin ba shi da wuya: a sare ta da rani bayan ta ƙosa, a jiƙa ta cikin ruwa ƴan makonni, ko a turara ta da hayaƙi, ko a tsoma ta cikin ruwan wani gishiri mai suna boraks. Gorar da aka yi wa haka takan yi shekaru da yawa.

Akwai jabu. Ana yin zaren roba mai kama da rotan, a saƙa kujera da shi. Yana jure ruwan sama, amma roba ce, daga man fetur aka yi ta. Wani gam ɗin da ake haɗa fallen gora da shi kuma yana fitar da tururi mai cutar da ido da ƙirji.

9. A ƙasar Hausa

Kayan ɗakin da ba na katako ba, ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Da karan dawa ake yin gadon kara. Da gwangwala, wato reshen tukurwa, ake yin gado da kujera da rufin ɗaki. Da kaba ake saƙa tabarma da faifai da igiya. Duk abubuwan nan suna komowa bayan an yanka su, kamar gora. Kakanni sun san wannan dabara tun kafin a zo da zarto mai inji.

Nijar ba ta da kurmi. Katakon da kafintoci ke aiki da shi, yawancinsa daga ƙasashen bakin teku ake kawo shi, shi ya sa yake da tsada. Rotan ma kurmi mai ruwa yake so. Wanda ya kawo kujerar rotan ko ta gora daga ƙasa mai laima zuwa ƙasa mai bushewa, sai ya kula da ita. Rana da iskar hunturu suna tsotse ruwan jikinta, ta tsage. Kamata ya yi a ajiye ta a inuwa, a riƙa kakkaɓe ƙura, a goge ta da tsumma mai ɗan laima, a ɗaga ƙafafunta daga ƙasa saboda gara. In zare ɗaya ya tsinke, a gyara shi nan da nan kafin saƙar ta warware.

10. Mai saye mai hankali

Hausawa sun ce araha ba ta ado. Kujerar da ta lalace cikin shekara ɗaya ba ta tsare daji ba, domin sai an koma an sake sara. Kafin ya biya kuɗi, mai saye mai hankali yana yin tambaya huɗu:

Da me aka yi kujerar nan, da gora, ko da rotan, ko da roba?

Daga ina aka saro shi, daga gona ko daga dajin da ake sharewa?

An yi masa maganin ƙwari?

In ta lalace, akwai mai gyara ta kusa?

Sa'an nan ya juya kujerar ya duba ƙarƙashinta. In ya ga ƙananan huji da gari kamar na gero yana zuba, ƙwari sun riga sun shiga. Ya zauna a kai, ya motsa, ya ji ko mahaɗai suna girgiɗi.

Mai sayarwa yana kawo abin da ake nema. In masu saye suna tambayar inda kaya suka fito, shi ma zai tambayi masu sara. In an biya masu sara kuɗin kirki, za su bar ƙananan sanduna su girma, su bar itatuwa a tsaye. Don tuwon gobe ake wanke tukunya.

Abin riƙewa

Gora ciyawa ce. Tana ƙosawa cikin shekara 3 zuwa 5, kuma tana sake tohowa bayan an sare ta. Rotan dangin dabino ne, yana hawa itatuwa, ba ya rayuwa sai da kurmi. Masu saye suna son kayan gora da na rotan don kishin daji, da rashin nauyi, da sanyi, da ƙarfi, da kyau. Kayan nan suna tsare daji in an sare su da tsari, an yi musu magani, an biya masu sara, an kuma kula da su sun daɗe.

Ma'anar kalmomi

Kurmi: daji mai manyan itatuwa a cunkushe, inda ruwan sama yake da yawa.
Hekta: fili mai tsawon metir 100 da faɗin metir 100.
Miliyar: miliyan dubu.
Toho: sabon tsiron da ke fitowa daga saiwa ko daga kututture.
Masana'anta: babban wurin da ake ƙera kaya da injuna.
Jabu: abin da aka yi don ya yi kama da na ainihi.

Tambayoyi

1. Waɗanne tsire-tsire ne dangin gora? Waɗanne ne dangin rotan?
2. Yaya ake rarrabe sandar gora da ta rotan?
3. Don me gora ba ta mutuwa in an sare ta?
4. Me ya samu madobiya daga wajen 2010? Me aka yi a 2017?
5. Ku faɗi dalili huɗu da suka sa masu saye suke son kayan gora da na rotan.
6. Don me mai cin abinci da rotan ba ya son a share kurmi?
7. Me ya faru a ƙauyukan Kalimantan bayan 2012?

Lissafi

1. A ce wata gora tana ƙaruwa da santimetir 30 kowace rana. Metir nawa za ta kai cikin kwana 60?
2. Maɗaci ya isa tsagawa bayan shekara 30, sandar gora bayan shekara 5. Sau nawa maɗaci ya fi gora daɗewa?
3. A ce kujera ta jika 6 tana yin shekara 2, wata ta jika 15 tana yin shekara 10. Wace ce ta fi sauƙi ga mai gida cikin shekara 10?

Aiki

Ku zana kayan ɗaki biyar na gidanku. Ku rubuta abin da aka yi kowanne da shi, da hausa da faransanci. Ku tambayi wani tsoho na unguwarku yadda ake yin gadon kara. Ku kawo karan dawa aji, ku ƙera ƙaramar kujera da shi.